Harshen Kwamfuta Ma Harshen Kasuwa Ne

Jama'a, kakanninmu da suka sauka Shagamu fataucin goro ba su jira tafinta ba. Sun koyi Yarabanci, ciniki ya kankama. Yau ga sabuwar kasuwa ta ci, harshenta kuwa shi ne rubutun da ake umurtar kwamfuta da shi. An fito da FORTRAN a 1957 domin lissafi, aka tsara COBOL a 1959 domin ofisoshi da bankuna, sannan Python a 1991, mai sauƙin koyo ga ɗalibi. Kada a ce ilmin Turawa ne kaɗai, domin kalmar algoridim daga sunan Alkhawarizmi, masanin lissafin Bagadaza, ta samo asali. 'Yan'uwa mazauna Agege da Sabo ta Badun, a sa yara su koya. Wanda bai ji harshen kasuwa ba, dillali ke cinye ribarsa.