Tabo Ba Ya Magana a Ofis

'Yan uwa, Bahaushe ya ce gani ya kori ji, amma a ofishin fansho takarda ce ke korar gani. Tsohon soja yana iya nuna tabon harsashi a cinyarsa, ma'aikaci ya tambaye shi: ina shaidar cewa a bakin aiki ka same shi?

Iyayenmu da suka yi wa Faransa yaƙi, tun daga ayarin Leclerc da ya tashi daga Fort-Lamy ya ci Kufra a 1941 har zuwa Indocin da Aljeriya, sun ɗanɗana wannan ɗaci. Dokar 1959 ta daskarar da fanshonsu, na takwarorinsu Faransawa kuwa yana ta hawa. A 2001 babbar kotun gudanarwa ta Faransa ta ba tsohon saje Amadou Diop, ɗan Senegal, gaskiya, bayan ya riga ya rasu. Cikakken daidaito bai zo ba sai 2011, shi ma sai wanda ya rubuta ya nema.

Fanshon naƙasa ya fi wuya, domin sai an ƙulla ciwon da aikin soja. Rauni yana da rana da wuri, amma tarin fuka, kurumta da firgitar dare sukan bayyana bayan shekaru. A ganinmu zalunci ne a ɗora wa mutumin da bai iya boko ba nauyin kawo hujjar da rundunar ce ta rubuta ta kuma adana. Takardun aikin sojojin Afirka suna Pau, na asibitocin soja suna Limoges. Tsohuwar da mijinta ya rasu a Garwa ko Abeche, ta yaya za ta kai can?

Duk da haka, kuka ba ya buɗe fayil. Muna kira ga sarakunan Hausawa su sa a tattara littafin soja, lambar aiki da takardun asibiti na kowane gida, a ɗauki hotonsu kafin gara ta cinye. Wanda aka hana, ya ɗaukaka ƙara cikin wa'adin da ke jikin wasiƙar, kada ya jinkirta.

'Ya'yanmu da ke fafatawa a yankin Tafkin Cadi kuwa, duk wanda ya ji rauni, komai ƙanƙantarsa, ya tabbata likitan runduna ya rubuta shi a ranar, ya kuma karɓi kwafi. Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, ya ba masu rai haƙƙinsu.