YINI ƊAYA A AGADAS YA ISA YA SA BAKANO JIN KUNYA

Jama'a, duk mai cewa ginin ƙasa alamar talauci ne, a taimaka a kai shi Agadas ya yi yini ɗaya kawai. Daga nan Kausani hanyar ba ɓoyayyiya ba ce: Kano, Daura, Damagaram, Tanut, sai birnin Sarkin Abzin. Ba ka buƙatar tafinta, Hausa ake yi a kasuwa.

Ga yadda yinin baƙo yake tafiya a can. Da sassafe, kafin rana ta buɗe, za a fara kai ka babban masallaci. Hasumiyarsa mita 27 ce, ƙasa zalla, da sandunan itace da suka leƙo ta kowane gefe. An fara gina ta wajen 1515, aka sabunta ta a 1844. Sandunan nan ba don ado kaɗai aka sa su ba, su magina suke takawa in za su yi yaɓe. Wato tun ranar gini aka yi tanadin gyara. Ka hau matattakalar nan mai ƙunci har sama, ka ga gari kwance ja wur, ga duwatsun Abzin can nesa.

Da hantsi sai fadar Sarki, tana nan daf da masallacin. Daga nan ka shiga lungunan tsohon gari, a nuna maka gidan da Bature Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka a 1850. Da rana ka fake wajen maƙeran azurfa, ga shayin Buzaye zagaye uku. Da yamma kasuwar raƙuma. Kafin magariba mai yi maka jagora ya samu, maƙeri ya samu, mai masauki ya samu, mai shayi ma ya samu.

A 2013 UNESCO ta sa tsohon birnin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya. Ganuwar Kano kuwa, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, wajen shekara 900 ke nan, tun 2007 take cikin jerin masu jiran layi. Har yau Najeriya wuri biyu gare ta, Sukur a Adamawa da kurmin Osun a Osogbo.

Me ya hana mu? Ba rashin abin nunawa ba ne. Barth ɗin nan da ya bar Agadas, Kano ya iso a 1851. Muna da Dala, Gidan Makama, Kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata. Har unguwar Agadasawa muke da ita a cikin birni, shaidar cewa mu da su tsofaffin abokan fatauci ne. Amma ku bi ta gefen badala ku gani. Wani wurin an yanka fuloti, wani wurin an ɗebe ƙasar an yi gini, wani wurin ya zama juji. Ƙofofin da aka rushe don faɗaɗa titi, da siminti aka mayar da su.

Na san wani zai ce, malam, ana fama da tsadar masara kana maganar tsohon bango? Wani kuma ya ce ginin ƙasa kisa yake yi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. A 2023 wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta kan masallata, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. A daminar 2024 tsohon masallacin Damagaram ya faɗi. Agadas ɗin ma ruwan shekarar bai bar ta ba, kuma tun tawayen 2007 baƙin Turawa suka ja baya. Sai dai abin da wannan yake koya mana shi ne, ginin ƙasa kamar dabbar kiwo yake, kullum yana son hannu. In an daina yaɓe da gyaran indararo, dole ya zama haɗari. Maganin shi ne a riƙe magina, a biya su, a sa masana su riƙa dubawa kafin damina.

Kuma kada mu ɗora wa gwamnati komai. Mu nan ƙauyukan Wudil, da zarar ɗa ya samu kuɗi, abu na farko shi ne ya ture soron kakansa ya kafa bulo da kwano, sannan watan Afrilu ya zo ya kwana a waje saboda zafi. Tsofaffin maginan da suka iya daurin guga suna ƙarewa, babu yaron da yake koya.

Shawarata uku ce. Kowane gari ya zaɓi tsohon gini ɗaya, zaure ko masallaci, a riƙa yi masa aikin gayya duk shekara. Makarantunmu su riƙa kai yara Gidan Makama da Dala, daga Wudil tafiyar awa guda ce. Ɗaliban jami'armu ta Wudil kuma su zauna da tsofaffin magina su rubuta abin da suka sani tun suna raye.

A garinku wane tsohon gini ne ya rage, kuma wa yake kula da shi? Ku faɗa mana, in da hoto ku sa. Allah ya sa mu gyara.