Yaron da ke kan cinya

Gaisuwa ta musamman ga ɗaliban Kankiya da Kusada, domin a kan hanyarsu zancenmu na yau ya samo asali.

A ƙarshen hutun da ya wuce mun shiga wata Golf a Kankiya za mu Katsina. Kun dai san yadda lodin yake: mutum biyu a gaba ban da direba, huɗu a baya, but kuma cike da kaya har sai da aka ɗaure murfinsa da igiya. Cikin na baya akwai wata baiwar Allah da ta fito daga wajen Kusada, da ɗanta a cinya, yaron da bai fi shekara biyu ba, yana ta wasa da gefen hijabinta. Ba mu kai Caranci ba sai ga akuya ta faɗo titi. Direba ya taka burki iya ƙarfinsa. Mota ta tsaya, akuya ta wuce abinta, amma yaron nan ya suɓuce daga hannun uwarsa, goshinsa ya daki ƙarfen majinginar kujerar gaba. Sai da muka juya aka kai shi asibiti aka yi masa ɗinki.

Duk tsawon hanya uwar tana kuka tana cewa, "Wallahi na riƙe shi, da hannu biyu na riƙe shi." Wani dattijo da ke gaba ya waiwayo ya ce, "Yi haƙuri 'yar nan, tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa." Mu kuwa da muke kusa da ita shaida ne, ta riƙe shi ɗin. Abin da ya tsaya mana a rai ke nan: ta yi iyakar abin da uwa za ta iya, amma bai isa ba. Kuma burki kawai aka taka. Da karo aka yi fa?

Ku ɗauko biro mu yi lissafi

Waɗanda ke ajin kimiyya sun san dokar farko ta Isaac Newton, wadda ya wallafa a 1687: abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiya sai in wani ƙarfi ya tsayar da shi. In mota tana gudun kilomita 50 a awa, duk abin da ke cikinta gudun kilomita 50 yake yi, har da jariri. In ta tsaya farat ɗaya, jaririn bai san ta tsaya ba. Zai ci gaba har sai ya samu abin da ya tare shi, ko bel, ko bayan kujera, ko gilashi.

Kilomita 50 a awa daidai yake da kusan mita 14 a sakan ɗaya. A ce mota ta yi karo ta tsaya cikin kashi ɗaya bisa ashirin na sakan, wato 0.05. Ku raba 14 da 0.05, za ku samu 280. Ku ninka da nauyin yaro mai kilo 10, ya ba ku 2,800 a ma'aunin ƙarfi na Newton. Wannan ya yi daidai da nauyin abu mai kilo 280, buhun siminti biyar da rabi ke nan. Wace uwa ce za ta iya riƙe buhun siminti biyar da rabi da aka fizge daga hannunta cikin ƙiftawar ido? Ko ɗan dambe ba zai iya ba. In kuna son wani kwatancen, karo a wannan gudu kamar faɗowa ne daga tsayin kusan mita 10, wato daga saman bene mai hawa uku. Kowa kuma ya san motocin da ke bin hanyar Katsina zuwa Kano, su ratsa Kankiya da Gidan Mutum Ɗaya, ba gudun 50 suke yi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ke rasuwa duk shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Mu ne ke nan, da ƙannenmu.

Me ya hana a sa masa bel na manya?

Bel ɗin da muka sani, mai ratsa kafaɗa da ƙugu, wani injiniya ɗan ƙasar Siwidin mai suna Nils Bohlin ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Volvo a 1959, kamfanin kuma ya bar sauran masu ƙera motoci su yi amfani da fasahar kyauta. Sai dai an auna shi ne da jikin babba. In aka sa wa ƙaramin yaro, igiyar sama a wuyansa take sauka, ta ƙasa kuma ta hau cikinsa maimakon ƙashin ƙugu. Jariri kuwa kansa ya kai kusan kwata na tsawon jikinsa, ga wuya bai yi ƙwari ba, don haka in aka fizge shi gaba, wuyan ne ke ɗaukar wahalar.

Wani likita a Siwidin, Bertil Aldman, ya lura da yadda 'yan sama-jannati ke kwanciya da baya lokacin da roka zai tashi, domin faɗin bayansu ya ɗauki matsin. A 1964 ya fito da samfurin kujerar yaro mai kallon baya. Daga nan kujerun yara na mota suka yaɗu, har a Ingila doka ta ce yaro ya zauna a irin kujerarsa sai ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135. A nan gida ma, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel a watan Janairun 2003, tana kuma hana a zaunar da yaron da bai kai shekara 12 ba a kujerar gaba.

To amma mu faɗa wa juna gaskiya. Wannan kujera ta mai motar kansa ce. Ƙatuwa ce, ga tsada. Matar da ta taso daga ƙauye a kan acaba, da goyo da ƙunshin kaya, ta sauka a tasha ta shiga Golf, ta sake sauka ta hau Keke Napep, a ina za ta ɗora kujera? Sannan ga babban dalili: yaron cinya ba ya biyan kuɗin mota. In aka ba shi mazauni, uwa za ta biya kuɗin mutum biyu, in kuma ba ta biya ba direba ya yi asarar fasinja guda a lokacin da fetur ya yi tsada. Ba rashin son 'ya'ya ke sa a ɗora su a cinya ba. Aljihu ne.

Yadda masu jirgin sama suka yi da matsalar

Abin mamaki, wannan matsala tamu ta tasha tana nan a jirgin sama. Wanda ya taɓa raka 'yan Umara filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina ko na Malam Aminu Kano ya ga mata da jarirai. A yawancin kamfanonin jirage, yaron da bai kai shekara biyu ba a cinya yake tafiya, ba a saya masa kujera.

Ranar 19 ga Yuli, 1989, wani jirgin United Airlines da ya taso daga Denver za shi Chicago a Amurka ya samu matsalar inji, ya yi saukar gaggawa a Sioux City, ya tarwatse a filin jirgin. Mutum 296 ne a ciki, 184 suka tsira. Akwai yara huɗu na cinya. Bisa ƙa'idar wancan lokaci, ma'aikatan jirgin sun ce wa iyaye su kwantar da su a ƙasa su danne su da hannu. Ɗaya daga cikin yaran ya rasu. Shugabar ma'aikatan, Jan Brown, ta shafe shekaru bayan haka tana fafutukar a bai wa kowane yaro kujerarsa da abin ɗaure shi.

Tunda fasinja ba zai iya yawo da ƙatuwar kujera ba, sai tunani ya koma kan abin da za a iya naɗewa a adana. Jiragen Turai da wasu da dama suna ajiye wani ɗan ƙaramin bel na jarirai, ma'aikaciya ta miƙa wa uwa kafin a tashi, ta zura shi a jikin nata bel ɗin, in an sauka a karɓe. Yana hana yaro tashi sama in jirgi ya shiga gargadar iska, amma hukumar jiragen Amurka ba ta yarda da shi ba, domin a karo mai tsanani jikin babba na iya danne yaron. Abin da ta amince da shi a 2006 shi ne wata ɗamara mai suna CARES, wadda wata kaka, Louise Stoll, ta ƙirƙiro bayan ta ga 'yarta na fama da kujerar mota a filin jirgi. Igiyoyi ne kawai, nauyinsu bai wuce rabin kilo ba, suna shiga ƙaramar jaka. Ana zagaya su a majinginar kujerar jirgi, su sauko ta kafaɗun yaro su haɗu da bel na ƙugu. An yi ta ne don yaro mai kilo 10 zuwa 20 da ke zaune a kujerarsa, kuma ta jirgi ce kawai, ba ta mota ba.

A mota ma an yi irin wannan dabara. A 1990 Volvo ya fito da mota mai matashin yaro da aka gina cikin kujerar baya. In akwai yaro a buɗe shi ya ɗaga shi sama bel ya zauna masa daidai, in babu a naɗe babba ya zauna. Wasu motocin ɗaukar ɗalibai a Amurka ma suna da ɗamarar yara a ɓoye cikin majingina.

Darasin da muka ɗauko shi ne: abin kare yaro a motar haya bai kamata ya zama kayan fasinja ba. Kamata ya yi ya zama kayan mota, kamar safaya da jak, yana naɗe a wurinsa har a buƙace shi. Hukumar sufuri ta jihar Katsina, KTSTA, tana da bas-bas da ke bin wannan hanya kullum. Duk lokacin da za a sayo sababbi, ana iya sa sharaɗin kowace kujera ta zo da bel, biyu ko uku kuma su zo da mazaunin yaro mai naɗewa, a kuma yanka wa yaro rabin kuɗi. In aka fara daga motocin gwamnati, shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshi za su ga misalin da za su bi.

Wani zai ce ai Allah ke tsarewa. Haka ne, babu musu. Amma mu ɗin nan ne ke cewa Allah Ya ce tashi in taimake ka, kuma direban da ya faɗi haka ba ya fita tafiya ba tare da ya duba burki ba.

Abin da ke hannunmu yanzu

Da yawa daga cikinmu, musamman 'yan mata, mu ake bai wa ƙanne mu kai su gidan kaka ko biki. Ga abin da ba ya buƙatar ko sisi:

Kada mu yarda a zaunar da mu a gaba da yaro, ko da kamasho ya ce nan ne ya rage. Mu ce, "Yi haƙuri Malam, a canza mana da wani na baya, ko mu jira ta gaba." Gaba ta fi kusa da gilashi, kuma a motocin da ke da balan-balan ɗin kariya, yadda yake fitowa da ƙarfi na iya kashe jariri.

Kada mu taɓa zagaya bel ɗaya a kanmu da yaron da ke cinyarmu. In aka yi karo, nauyinmu ne zai matse shi a jikin igiyar. Mu ɗaura namu, shi yana waje da shi.

In akwai halin biya wa yaron da ya ɗan tasa kujera mai bel, a biya. Ya fi cinya nesa ba kusa ba.

Kada yaro ya tsaya a tsakanin kujeru, ko ya leƙa ta taga, ko ya zauna a bakin ƙofar Keke Napep. A sa shi tsakiya. A kan acaba kuma kada a ɗora shi a tanki.

Kada mu ɗaure yaro da zani ko igiya a jikin kujera da sunan dabara. Abin da ba a gwada ƙarfinsa ba na iya shaƙe shi, ko ya hana a ciro shi da sauri.

In direba yana gudun wuce sa'a, mu yi magana cikin ladabi: "Direba, don Allah a rage, akwai yara." Sau da yawa kowa a motar jira yake wani ya fara.

Aikin wannan mako

Na farko, ku sake lissafin da muka yi a sama da gudun kilomita 80 a awa, da yaro mai kilo 12, lokacin tsayawa kuma 0.05. Buhun siminti nawa kuka samu? Na biyu, ku ari tef ɗin tela ku auna ƙannenku, ku ga nawa ne ba su kai santimita 135 ba. Na uku, in makarantarku tana da ƙungiyar kiyaye haɗurra, ku kai wannan batu taronku na gaba. In babu, ku tambayi malamin Fiziks yadda za a kafa ta. Ku aiko mana da amsoshinku tare da sunan makaranta da aji, za mu buga waɗanda suka dace.

Yaron nan na cikin Golf, har muka rabu a Katsina yana barci a kafaɗar uwarsa da filasta a goshi. Allah Ya ba shi lafiya, Ya tsare mu da ƙannenmu a duk inda muka sa gaba. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.