Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin FCCPC Da SON Kan Yoyon Tankin Babur

 

Na rubuto ne kan wani koke da ba ya isowa teburinku, don a rumfar bakanike yake mutuwa. Mutum ya sayi sabon babur, galibi ma bashi, ko damina ɗaya bai ci ba sai tanki ya fara tsattsafo ta ɗinkin walda na ƙasa. Wani makullin mai ne ke ɗiga, wani kuma tiyon da ke kai mai kafireto ne ya bushe ya tsage. In ya koma gun dila, amsar ɗaya ce: "Ai gurɓataccen mai ka sha."

Sai ya ja abinsa zuwa wajen gyara. A goga sabulu a wurin yoyon, a bi da gam, a ɗaure bakin tiyo da waya, a ce Allah ya kiyaye. In abin ya ƙi, sai mai walda, wanda zai kanga wuta a tankin da tiririn fetur bai gama fita ba. Ku duba inda ɗigon nan ke sauka: kan inji mai zafi, dab da wayar filogi. Kuma a kan wannan tankin magidanci ke ɗora ƙaramin ɗansa in za a makaranta. Ban da haɗari ga asara, domin tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, abin da ke tsiyayewa a zaure cikin dare daga kuɗin cefane yake fita.

Ban ce dila ƙarya yake yi kullum ba. A farkon 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, kuma irinsa na cin roba. Man bumburutu ma ba a rasa shi da ruwa, ruwa kuwa shi ke kawo tsatsa. To amma wa zai raba laifin mai da laifin masana'anta, alhali babu inda ake rubuta koken?

A Amurka masu baburan Ducati sun yi ta kukan cewa tankunansu na roba na kumbura suna sauya siffa, suka haɗu suka kai ƙara a 2010, aka sasanta kan tsawaita garanti. A ƙarshen 2013 kamfanin BMW ya yi kiranyen babura sama da dubu 50 a can, saboda robar da ke riƙe da famfon mai tana tsagewa. Baburan shaƙatawa ke nan fa, na masu hali. Mu da babur ne gonarmu kuma motar asibitinmu, yaushe muka taɓa jin sanarwar a maido da wani samfuri a gyara kyauta?

Shawarata ga FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, ku buɗe rajistar koken babura da mai babur zai iya kira ya yi bayani da Hausa, a ɗauki samfuri da lambar bodi da ranar saye. Kada ku jira shi a intanet. Ku bi ta ƙungiyoyin 'yan acaɓa da na kanikawa, don bakanike ya san samfurin da tankinsa ke fashewa tun kafin injiniya ya sani. In koke ya taru kan samfuri guda, dokarku ta 2018 ta ba ku ikon sa a janye kaya mai haɗari, sai a yi shelar a rediyo. A kuma tilasta wa dila ya rubuta garanti a jikin rasit.

Ku kuwa SON, hukumar kula da ingancin kaya, takardar shaidar inganci ta SONCAP a tashar jirgin ruwa ba ta wadatar ba. Ku shiga inda ake harhaɗa baburan da kasuwannin kayan gyara, ku ɗebi tanki da makulli da tiyo ku gwada, musamman tiyon da ake yanka wa mutane da awo ba tare da an san ko na fetur ba ne. Sakamakon kuma a fito da shi fili, da sunan kowane samfuri.