Kafin a sayi tsohon kabad mai fenti

Tsohon kabad na katakon maɗaci ya fi kayan garin katako na yanzu ƙarko, don haka muna goyon bayan masu neman irinsa. Sai dai kada kyan fenti ya rufe muku ido. Sai a 1978 Amurka ta hana fenti mai dalma a kayan ɗaki, saboda haka kayan gwanjon da suka girmi wannan shekarar abin tuhuma ne. Wanda ya tuna yaran Zamfara a 2010 ya san ɓarnar ƙurar dalma. Idan fentin yana ɓarewa, kada a kankare shi a cikin gida, kada a ajiye abinci a kabad ɗin, kuma a nisanta shi da yara. Rigakafi ya fi magani.