Daga Ƙaramin Ɗaki Zuwa Majalisar Ministoci

Kalmar "cabinet" tana cikin kalmomin Turanci masu ba mai fassara labarai wuya, domin kuwa ma'anarta takan sauya gwargwadon kalmar da aka haɗa ta da ita. Asalinta ƙaramin ɗaki ne. A ƙarni na 17 sarakunan Ingila sukan keɓe da amintattun mashawartansu a irin wannan ɗaki, sannu a hankali sunan ɗakin ya koma kan mazauna cikinsa. Shi ya sa ake kiran majalisar ministoci da ita, alhali a ofis "filing cabinet" kabad ne kawai na ajiye fayil, "cabinet maker" kuwa kafinta ne.

"Cabinet reshuffle" ba ta da wahala, tun da Hausa ta tanadi garambawul. Wanda Firayim Ministan Ingila Harold Macmillan ya yi a watan Yuli na 1962 har yanzu ana misali da shi, ministoci 7 ya sallama a tashi ɗaya. Amma wanda ya fassara "shadow cabinet" da majalisar inuwa, to, Bahaushe zai zaci wurin shan iska ake nufi. Manyan 'yan jam'iyyar adawa ne, kowannensu an ba shi ma'aikatar da zai sa wa ido.

Wadda ta fi bukatar a tsaya a kanta ita ce "kitchen cabinet". Abokan hamayyar Andrew Jackson, shugaban Amurka daga 1829 zuwa 1837, su suka ƙaga ta don yi wa aminansa ba'a, waɗanda ake zargin ya fi jin maganarsu bisa ta ministocinsa. Watau dai 'yan gaban goshi, masu shiga ta ƙofar baya.

Bambancin ba ƙarami ba ne. A Nijeriya minista sai Majalisar Dattawa ta tantance shi, ya bayyana kadarorinsa, ya yi rantsuwa, kuma ana iya kiransa ya amsa tambaya. Ɗan gaban goshi kuwa babu wanda ya tantance shi, babu mai ikon tsige shi sai ubangidansa. Saboda haka duk jaridar da ta kira su "ƙaramar majalisar shugaba" ta ɗaura musu rawanin da tsarin mulkin 1999 bai san da shi ba, mai karatu kuma ya tashi da zaton hukuma ce ta naɗa su.