Takara A Ƙungiyoyin Matasa Na Duniya: Ba A Cin Kujerar Da Fasta

A shekarar 2024 aka zaɓi Joshua Opey, ɗan ƙasar Ghana, ya shugabanci Majalisar Matasa ta ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, wato Commonwealth mai ƙasashe 56. Da yawa daga cikinmu labarin ya wuce mu, alhali kujerar nan ba baƙuwarmu ba ce. Wanda ya fara hawanta ɗan Katsina ne, Ahmed Adamu, da aka zaɓa a Sri Lanka a 2013. Bayan shekara biyu kuma, a taron duniya na ƙungiyar JCI da aka yi a Kanazawa ta Japan, aka zaɓi Paschal Dike daga Najeriya ya zama shugabanta na 2016.

Ke nan ƙofar ba a kulle take ba. Abin tambaya shi ne, ta ina ake shiga, kuma me ya sa galibinmu ba ma ko kusantarta?

Abu na farko da ya kamata mai sha'awar takara ya gane shi ne, waɗannan zaɓuka ba irin na ƙungiyar ɗalibai ba ne, inda za ka cika bangon makaranta da fasta, ka tara 'yan ajinku su yi maka layi. Ƙasashe ne ke jefa ƙuri'a ta hannun wakilansu. Ɗauki ƙungiyar Sikawut ta duniya. Duk bayan shekara uku babban taronta ke zaɓar mutum 12 da za su zauna a kwamitin ƙoli, kamar yadda aka yi a Alƙahira a watan Agustan 2024, kuma kowace ƙungiyar ƙasa ƙuri'a shida gare ta, komai yawan mutanenta. Najeriya da duk cikar kasuwarta, nauyinta ɗaya da ƙaramin tsibiri. To ka ga mabiyanka dubu ɗari a TikTok ba su ƙara maka ko ƙuri'a guda ba.

Na biyu, ba ka tsayar da kanka. Reshen ƙasarku ne zai sa hannu ya miƙa sunanka. Shi kuwa reshen ba zai miƙa wanda bai sani ba. A JCI, wadda ta samo asali a birnin St. Louis na Amurka a 1915 kuma take karɓar 'yan shekara 18 zuwa 40, matakalar a bayyane take: reshen gari ko na jami'a, sai na ƙasa, sannan na duniya. Kowane muƙami shekara ɗaya ne tak, ka sauka wani ya hau. Wanda ya tsaya a sama, an riga an ga yadda ya riƙe kuɗin reshe, an ga ko ya kira taro a kan lokaci, an ga yadda ya miƙa ragama. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

A nan ne, gaskiyar magana, muke da rauni. Muna son suna, amma rubuta rahoton taro na gundurar mu. Matashi zai yi shekara uku yana aikin gayya na tsakani da Allah, yana kwashe shara, yana koyar da yara a unguwa, amma babu ko takarda ɗaya da ta nuna yara nawa, kuɗi nawa, me ya sauya. Ranar da wakilan ƙasashe suka zaunar da ɗan takara suna jefo masa tambayoyi, lissafi suke son ji, ba kirari ba.

Sai dai ba duka laifin ne namu ba. Waɗannan muƙamai galibi na sa-kai ne, babu albashi, amma neman su na cin kuɗi: tikitin jirgi, masauki, kuɗin rajistar taro, ga wahalar biza da ɗan Afirka ke sha kafin ya taka Turai ko Amurka. Da yadda naira ta faɗi tun 2023, ɗan talaka mai basira na iya faɗuwa zaɓe tun bai bar gida ba. Ƙungiyar da ke cewa tana magana da yawun matasan duniya, amma sai mai hali ke iya tsayawa takararta, akwai gyara a lamarinta. Wannan ma batu ne da ɗan takara daga yankinmu zai iya ɗauka ya yi yaƙin neman zaɓe da shi: a samar da asusun tafiye-tafiye, a kuma bari a yi muhawarar 'yan takara ta intanet.

Akwai kuma harshe. Ƙasashen Afirka da dama da Faransanci suke aiki, kuma kowace da ƙuri'arta. Ɗan Kano ko Sakkwato da ke da Maraɗi da Ƙonni a maƙwabta bai da hujjar raina wannan harshe. Ɗan Zinder ma haka, Turancin Ingilishi zai buɗe masa sauran rabin zauren.

Wani abin da ke ruɗa mutane shi ne zaton cewa in ka ci, ka zama jakadan garinku. A kwamitin Sikawut na duniya, ƙa'ida ce cewa wanda aka zaɓa ba ƙasarsa yake wakilta ba, ƙungiyar gaba ɗaya yake wa aiki. Wanda ya je da niyyar kwaso wa 'yan uwa guraben tafiya waje, zai dawo da kunya.

A yi hattara kuma da 'yan damfara. Duk ƙungiyar da ta turo maka saƙo cewa an naɗa ka "jakadan matasa na duniya", ka biya dala kaza a aiko maka da takardar shaida, wallahi kasuwa ce. Ta gaskiya tana da kundin tsarin mulki, da ranar zaɓe, da masu zaɓe da aka sani.

Me ya sa duk wannan ya dame mu? Tun 2018 doka ta rage shekarun takarar majalisar wakilai da ta jiha a Najeriya daga 30 zuwa 25. An buɗe mana fili, amma doka ba ta koya wa mutum jan taro, ko karɓar faɗuwa, ko sauka in wa'adi ya cika. A irin waɗannan ƙungiyoyi ake koyon su tun kuskure bai da tsada.

Saboda haka in kana da wannan buri, ko kina da shi, nemi reshe mafi kusa a shiga, a biya kuɗin wata, a karɓi aikin sakatare da kowa ke gudu. Jami'o'i da ma'aikatun matasa na jihohi su kuma su ware abin tallafa wa 'yan takara a fili, bisa cancanta, ba sai wanda ya san wani ba. Shekara biyar na irin wannan aiki sun fi fasta dubu.